Dutsen da Ya Ƙi Niƙa

Kwanakin baya wata tifa ta zo ta juye duwatsu a bakin layinmu, wai za a gina magudanar ruwa. Suka kwana suka wuni a nan, ba wanda ya ɗauki ko ƙwaya ɗaya. Awaki ne kawai ke hawa suna sauka, sai yara da ke ɗiba suna jifan ƙadangare. Ina zaune a kan tabarmata a ƙofar gida ina kallon tsibin nan sai dariya ta kama ni ni kaɗai, har jikata ta leƙo daga zaure tana tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, je ki abinki. Ta ina zan fara yi mata bayani? Ƙasar nan tamu, daga Gumel har Maigatari, ka bi ta Gagarawa ka ɓulla Sule Tankarkar, Allah bai ajiye mana dutse ba. Rairayi ya ba mu, da jigawa, da gero mai daɗi. Muna yara in faɗa ya kaure da hoge muke jifa, shi ma kafin ya isa ya wargaje. Da a zamaninmu aka juye wannan tsibin, kafin la'asar ba za a sami na shaida ba, don kowace tsohuwa sai ta aiko jikanta da kwando.

A wancan lokacin dutse ɗaya ne muka sani, shi ne dutsen niƙa, kuma daga nesa fatake ke kawo shi a kan jaki. Mace ba ta wasa da nata. Uwa ke bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika, har sai cikinsa ya lotsa kamar akushi. Shi ne ke tashin mu da asuba tun kafin zakara ya gama shawara. Ka ji gurr, gurr, daga wannan gida, wancan gidan ya amsa, a hankali muryar mai niƙan ta biyo baya da 'yar waƙarta, rabi waƙa rabi habaici ga maigidan da bai kawo cefane ba. Muna kwance muna iya faɗin wace ce ke niƙa ba tare da mun buɗe ido ba. Yanzu kuwa injin niƙa ne a ƙarshen layi, da ya tashi sai ka daina jin maganar wanda ke kusa da kai, kuma ban taɓa jin wanda ya yi masa waƙa ba. Ba na zagin inji, ya hutar da 'ya'yanmu mata, gwiwoyinsu ba su yi kanta irin na iyayenmu ba. Amma asuba ta zama kurma, kuma ina kewar ta farko.

Ina da aboki, Tanko, wanda muka tashi tare tun muna yawo ba wando. Ni dogo ne mai yawan magana, shi gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya magana sai ta zama dole, in kuwa ya faɗi abu ko raƙumi bai isa ya janye shi daga kai ba. Gidansu masu yasar rijiya ne. Rijiyoyinmu kuwa kun san su, ka leƙa ka ga ruwan can ƙasa kamar idon kyanwa. Tanko yakan ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ciki yana fito, kamar mai shiga ɗakin uwarsa. Saboda haka ko kasuwa za shi, igiyarsa na naɗe a ƙugunsa.

To, dutsen Innarsa, wanda ta gada daga kakarta, ya yi ta lotsawa har wata safiya ya huje a tsakiya ya rabe biyu. Inna mace ce mai ji da kanta, ba ta son roƙo ko na gishiri. Sai ga ta kullum da asuba da ƙwaryar gero a hannu, tsaye a tsakar gidan maƙwabta tana jiran mai dutse ta gama. Wata rana Tanko ya wuce ya ji matar gidan tana ce mata ta dawo anjima, yau suna da baƙi. Ranar ko tuwo bai ci ba.

A shekarar ne kawuna, wanda ke fataucin gero da tabarmi zuwa Azbin ya dawo da dabino da kanwa, ya ce yana son majiya ƙarfi biyu su raka shi. Ya faɗa mana cewa a can duwatsu ne har su tokare sama. Da za mu tafi Tanko ya durƙusa gaban Inna, ina tsaye a bayansa.

“Inna, zan kawo miki dutse. Ba na kasuwa ba. Daga can kan ƙololuwa zan ɗauko miki, wanda ba macen da ta taɓa ɗora masa hannu.”

Ta dube shi, ta dube ni. “Kai dai ka dawo min da ƙafafunka biyu. Kai kuma Dogo, ka fi shi baki, in ya tashi haukarsa ka hana shi.”

Na ce to, Inna. Ban san abin da na ɗauka ba.

Muka hau wata tsohuwar babbar mota daga Maigatari ranar kasuwa, muna zaune a kan buhuna, muka tsallaka iyaka, muka wuce Damagaram, muka yi ta nausawa arewa har itatuwa suka gaji suka bar mu. Can cikin ƙasar Buzaye, kusa da wata 'yar rijiya da bukkokin tabarma, motar ta yi tari ta mutu. Direba ya shiga ƙarƙashinta ya fito ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga Agadas. Kawu ya shimfiɗa buzunsa a inuwar mota ya kama jan carbi. Mu kuwa idonmu na kan wani dutse baƙi da ke tsaye gabas da mu shi kaɗai, kansa tsini kamar hular da aka karya. Mu da abin da muka taɓa hawa mafi tsawo shi ne kuka da rumbu.

Washegari da muka idar da sallar asuba Tanko ya taɓa ni. “Tashi mu je mu dawo kafin a dama fura.”

Haka muka ɗauka. A ƙasarmu abin da ido ya hango, ƙafa ta kusa kai gare shi, in ka ga kukar wani ƙauye to ka fara shirya sallama. Muka ɗauki 'yar salka ɗaya ta ruwa da dabino cikin aljihu, ba mu ko gaya wa Kawu ba. Muka yi ta tafiya, dutsen nan yana nan inda yake, bai matso ba, sai dai girma da yake ƙarawa. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan muka isa gindinsa. A nan na ga abin da ya sa na riƙe baki: duwatsu zube ko'ina, manya da ƙanana, masu faɗi da masu tsawo, ba mai tsaro, ba mai sayarwa. Dukiyar da za ta aurar da 'yan matan garinmu kaf, tana kwance ƙadangaru na shan rana a kai.

Na ce, “Alhamdu lillahi. Zaɓi ɗaya mu juya.”

Ya harare ni. “Waɗannan da suka faɗo? Kai in ka je gindin kanya, wadda ta faɗo ƙasa kake kai wa Inna, ko hawa kake yi ka tsinko ta sama?”

A iya saninmu gaskiyarsa ce. Duk abin kirki da muka sani a sama yake, na ƙasa na awaki ne.

Muka kama hawa. Takalmanmu na fata suka yi ta zamewa, muka cire muka rataya a wuya. Tafin ƙafarmu ya saba da zafin rairayi, amma bai san kaifi ba, kafin wani lokaci duk mun yanyanke. Ga wata yaudara da dutse ke yi: ka hango ƙololuwa, ka yi ta haki ka isa, sai ka tarar da wata a bayanta tana jiranka. A cikin wani kwazazzabo na kira sunan Tanko don ya jira ni, sai na ji wani ya maimaita daga can gefe, wani kuma ya sake maimaitawa daga nesa. Na fara karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar cin abinci. Tanko ya zauna ya yi dariya har da hawaye.

“Kai Dogo, rijiya ma haka take yi. Muryarka ce ta je ta rasa mai amsawa ta dawo.”

Ban yarda ba sai da ya ƙwala wa dutsen zagi, dutsen ya rama masa daidai ba ragi. Daga nan muka yi ta zagin juna da shi muna hawa, har muka manta da ciwon ƙafa.

Rana ta take tsaka muka fito sarari, babu sauran wani abu a samanmu. Iska ta buge mu, mai sanyi, mai tsabta, ba warin komai a cikinta. Na duba ƙasa na hango motarmu kamar buzuzu, bukkokin Buzaye kamar an watsa ƙwaryar goro. Sai ga shirwa tana shawagi, amma a ƙasanmu. Duk tsawon rayuwata cikin shirwa nake gani, ranar na ga bayanta, ashe ja-ja ne. Ban san dalili ba, wannan abin ya fi komai shiga raina, na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, na yi ta ihu kamar yaro. Tanko ya juya kudu ya sa hannu a goshi, wai ko zai hango hayaƙin gidansu.

Azahar ta yi, ruwan salka kuwa ya rage na jiƙa maƙogwaro. Tanko ya ce mu yi taimama. Muna neman inda za mu dafa sai ga shi kwance a gabanmu: dutse mai faɗin faifai, kauri kamar tafin hannu a tsaye, baƙi wuluk, sumul kamar an shafa masa man shanu. Muka dafa shi muka shafa fuska da hannuwa, muka yi salla. Da muka sallame Tanko ya ɗora hannu a kansa ya ce, “Shi ne.”

Sai ya yi abin da duk ɗan ƙasarmu zai yi da kaya. Ya naɗa gammo da rigarsa, na taimaka masa muka ɗora a kai, ya miƙe tsaye ƙyam kamar mai dawowa daga gona. Taku kaɗan ya yi ya gane cewa mai kaya a kai ba ya iya duba ƙafarsa, dutse kuwa ba ya yafe wa wanda bai duba ba. Tsakuwa ta gangare a ƙarƙashinsa, ya zauna daɓas, dutsen ya zame ya rungume shi a ƙirji, su biyu suka tsaya a bakin wani gefe da ban so in tuna zurfinsa. Ni kuwa da na leƙa, sai na ja da baya. Hawa ashe wasa ne, don mai hawa bango yake kallo. Mai sauka shi ke kallon inda zai faɗa. Na tsuguna na ƙanƙame wani dutse na rufe ido.

“Tanko, don girman Allah ka yar da shi! Ga su can ƙasa burjik. Inna ƙafafunka ta ce ka kawo mata.”

“Na ce mata na sama.”

“Wa zai gaya mata? Ni dai ba zan faɗa ba.”

“Ni zan sani.” Ya ajiye dutsen a hankali, ya fara kwance igiyarsa daga ƙugu. “Buɗe idonka. Wannan ba dutse ba ne, rijiya ce, bakinta ne kawai ya yi faɗi. Wa ya taɓa shiga rijiya yana kallon ruwa? Juya ka fuskanci bango. Ƙafa ta nemi wurinta, in ta samu sannan hannu ya saki.”

Haka muka sauko. Ya ɗaure dutsen kamar guga ya zura shi har ya sami wurin zama, sannan ya ɗaura min igiyar ya zura ni ina fuskantar bango ina salati, sannan shi ya biyo ba igiya. Mu huta, mu sake. A kowane mataki sai na ce ya yar, a kowane mataki sai ya yi kamar da dutsen nake magana. Ruwa ya ƙare, harshena ya yi nauyi, igiya ta saɓule masa fatar hannu har tana jan jini. Da na ga kullum dutsen yake fara zurawa kafin ni, na ce ashe dutse ya fi ni daraja. Ya ce dutsen bai cika shi da surutu ba.

Rana ta yi ja muka iso gindi, muka tarar da Kawu da wani dattijon Buzu sun biyo sawunmu da raƙumi da ruwa. Kawu ya fara ba mu ruwa tukuna, ya jira muka sha muka ƙoshi, sannan ya wanke mu tas, tun daga kanmu har kakanninmu. Dattijon kuwa ya durƙusa yana shafa dutsen, ya tambayi abin da za a yi da shi. Da aka gaya masa, sai na ga amawalin da ya rufe bakinsa yana rawa, kafaɗunsa na girgiza.

“Samari, wannan iska ta gama lashe shi. Ba shi da haƙori, ba zai kama gero ba. Na niƙa a nan ƙasa yake, mai kaushi, matanmu na ba da shi a kan mudun gero. Kun wuce shi tun da safe.”

Na dubi Tanko. Ya ce, “Mun gode, Baba,” ya sunkuya ya ɗauki abinsa. Duk tsawon hanyar dawowa a kan cinyarsa ya riƙe shi don kada ya fashe. Na san maganar dattijon na cin sa, don sau da yawa nakan ga yana murza ƙwayar gero a kai da babban yatsa yana dubawa.

Ranar da muka iso gida, labari ya riga mu, matan unguwa suka cika gidan Inna, har da maƙwabciyar nan mai baƙi. Aka girka dutsen, Inna ta durƙusa, ta zuba gero, ta ɗora ɗan dutsenta na da, ta tura. Gero ya watse gefe da gefe kamar an zuba shi a kan tire. Ta tattaro ta sake turawa, ko ƙwaya ɗaya ba ta fashe ba. Wata ta yi 'yar dariya ta mayar da ita tari. Tanko na tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa da ba su gama warkewa ba a bayansa, kansa a ƙasa. Wallahi na ji tausayinsa har na so ƙasa ta tsage in shige a madadinsa.

Inna ta share geron da tafin hannu, ta daɗe tana shafa fuskar dutsen. Ta ce ya matso, ta kama hannuwansa ta juya su ta duba. Sannan ta miƙe, ta gyara zani, ta zauna daram a kan dutsen ta miƙe ƙafafu.

“Wa ya ce muku na niƙa ne? Na niƙa kowace mace tana da shi. Ku nuna min wadda ɗanta ya hau sama ya ɗauko mata wurin zama.”

Da yamma Kawu ya aiko da wani dutsen mai kaushi, ashe ya karɓa wurin matan Buzayen ya ɓoye a ƙarƙashin buhunan dabino bai gaya wa kowa ba. Da shi Inna ta yi ta niƙa har inji ya zo. Amma baƙin dutsen nan, sau nawa masu gyaran dutse suka ce ta kawo su sassare masa fuska ya yi kaushi, ta ce kada wanda ya kuskura. A kansa take tsefe wa jikoki kai, a kansa take karɓar gaisuwar salla. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ruwa ya gagare ta, shi aka jawo mata bakin gado take taimama.

Jiya da na gaji da kallon tsibin tifa, sai na sa jikana ya kai ni gidan Tanko a kan babur. Shekaru sun kama shi, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, mutumin da ya sha shiga rijiya yanzu ko buta sai an riƙe masa. Na same shi a kan gado, dutsen na gefensa a kan wata 'yar kujera, ya ƙara baƙi da sheƙi saboda hannuwa. Na ba shi labarin duwatsun da aka juye a layinmu ba mai so. Ya ce ai na ƙasa ne, na awaki. Muka yi dariya har tari ya sarƙe mu, matar ɗansa ta kawo mana ruwa tana cewa Baba ku yi a hankali.

Aka kira la'asar. Ya kama hannunsa marar lafiya da mai lafiyar, ya ɗora su biyu a kan dutsen, ya shafa fuska. Sannan ya dube ni ta gefen ido.

“Abin da ka ce in yar ke nan.”

“Na ce. Da bakina.”

“Na ga yadda kake tashi daga tabarma, kai ma ka kusa fara nemansa. Na gaya wa yaran nan, in na riga ka, naka ne.” Ya tura min shi kaɗan da yatsa. “Amma na ce kada wanda ya kai maka. Ka zo da ƙafarka ka ɗauka. Ni na yi nawa ɗaukan.”